Kwana Uku da Allura: Hutu ne ko Asarar Ciniki ga Maɗinkan Adjamé da Treichville?

A Ingila da Amurka da Faransa akwai wata al'ada da ta kafu tsakanin masu sha'awar aikin allura. Mutum talatin ko hamsin, wani lokaci ɗaruruwa, yawancinsu mata, sukan kama ɗakuna a otal ko wani masauki a bayan gari, su yi kwana biyu ko uku ba abin da ke gabansu sai ɗinki da hira. Kowa da jakarsa: ƙyalle, zare, ɗan almakashi, fitilar tebur, da gilashin ƙara girma ga wanda idonsa ya fara gajiya. Abin da suka fi yi shi ne ɗinkin gicciye, wanda masu Faransanci ke kira point de croix. Ƙyallensa saƙa ce mai ramuka a jere, wadda aka fi sani da Aida, kuma kamfanin Zweigart na Jamus ne ya fito da ita a farkon ƙarni na 20. A wanda aka fi saye, gida 14 ne ke cikin kowane inci. Zaren kuwa sili shida ne a murɗe, sai a zare biyu a zura a allura mai dakusasshen baki. Mai ɗinki na duban zanen da ke takarda, tana ƙirga gidaje, tana gicciya zare a kan zare, har fure ko gida ko rubutu ya bayyana. Zaren da ya fi suna, DMC, na wani kamfani ne da ya samo asali a garin Mulhouse na Faransa tun 1746.

Hotunan irin wannan zama suna yawo a Facebook da YouTube, kuma wayar da ke hannun mai surfani a Adjamé ita ce ke hannun kowa. To, idan aka ce maɗinkan Abijan, musamman Hausawan cikinsu, su ma su rufe shago su keɓe kwana uku da allura, shawara ce ta hankali ko kwaikwayon masu abin hannu?

Kafin a auna, sai an san su wa ake magana a kansu. Treichville da Adjamé su ne unguwannin Abijan da baƙi suka fara cikawa tun zamanin Turawa, ɗaya a kudancin unguwar Plateau, a tsallaken ruwa, ɗaya a arewacinta. Layin dogo daga Abijan ya kai Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, an buɗe mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta soma aiki a 1951, sai mutanen arewa suka yi ta kwararowa. A Treichville ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, a kan samarin Nijar masu neman aikin lebura, cikinsu har da Oumarou Ganda da daga baya ya zama babban mai shirya fim. Daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Dogon Dutsi, da kuma Kano da Katsina da Sakkwato, Hausawa suka shigo da fataucin goro da albasa, da sayar da katako, da tsire, da garba, wato acaken rogo da soyayyen kifi da yanzu ya zama abincin kowa a Kodebuwa. Allura ma ta biyo su. Sai dai a nan ba su kaɗai ne a fagen ba: teloli da masu surfani daga Senegal da Mali da Gini da Burkina Faso sun cika layukan Treichville da kewayen kasuwar Forum ta Adjamé. A Treichville ɗin ne Pathé'O, ɗan Burkina da ya iso ƙasar a 1969, ya koyi ɗinki, ya ci gasar Ciseaux d'Or a 1987, har Nelson Mandela ya riƙa sa rigunansa.

Masu cewa a'a suna da hujja mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a ɗauke ta da wasa. Matar da ta je hutun ɗinki a Ingila ta gudo ne daga ofis ko asibiti ko aji, allura ce hutunta. Mai surfani a Adjamé kuwa allura ce aikinsa daga hantsi har bayan isha'i. Bayansa na ciwo, wuyansa ya ƙage, idonsa na yaji saboda bin farin zare a kan farar shadda a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Hutun irin wannan mutum shi ne ya ajiye allurar, ya miƙe ƙafa, ya ziyarci 'yan uwa. A ce masa ya biya kuɗi don ya je wani wuri ya ci gaba da abin da ya gajiyar da shi, ai zai ga kamar ba a san halin da yake ciki ba.

Sai maganar kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa sefa 75,000 ne a wata tun watan Janairun 2023, kuma yawancin masu aikin allura ba ma albashi suke karɓa ba, ana biyansu ne a kan wuyan riga ko aljihu ko hular da suka gama. Kwana uku a otal a Grand-Bassam, mai nisan kusan kilomita 40, da abinci da kuɗin mota, cikin sauƙi za su lashe rabin wannan adadi ko fiye. Ranar da ba a ɗinka ba kuwa babu abin da ya shigo, alhali hayar shago na tafiya, ga kuɗin wuta, ga aike zuwa gida, inda iyali a karkarar Tawa ke jiran saƙon ƙarshen wata. Mutanen nan sun san yadda abin hannu ke salwanta dare ɗaya. Babbar kasuwar Treichville ta ƙone a 1997, kuma an ɗauki shekaru kafin a sake gina ta. A 2024 hukumar gundumar Abijan ta hana talla a manyan tituna, aka kuma yi rushe-rushe a unguwanni da dama har da wani sashe na Adjamé. Wanda ya ga haka, in ya sami rarar jaka goma, ajiya zai yi, ko ya ƙara zare.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato kishin sana'a. Sabon zanen wuya jari ne. Maɗinki kan kwana yana juya shi a ka, ya gwada a tsumma, ya fitar da shi kwana kaɗan kafin salla don ya ci kasuwarsa kafin a ankara. Yanzu da hoto ɗaya a waya ya isa a kai wa mai keken kwamfuta ya zuba zanen a na'ura ya fitar da ɗari, me zai sa ya baje sirrinsa gaban abokan gasa arba'in? Ga mata kuma akwai nasu shingen. Matar aure mai ɗinkin hula ko zanen gado a cikin gida a Adjamé ba za ta ɗauki jaka ta ce sai bayan kwana uku ba. Akwai izinin maigida, akwai yara, akwai girki, akwai bakin mutane. Shi kansa ɗinkin gicciye, in shi za a je koya, kayansa daga Turai ake shigo da su, farashinsu na bin kuɗin Yuro, kuma ba shi da kasuwar da surfanin shadda ke da ita.

Duk wannan gaskiya ne. Amma hujjojin nan sun ginu ne a kan zaton cewa amfanin zaman shi ne hutu, alhali ga masu sana'a babban amfaninsa wani abu ne daban, wanda Hausawa suka daɗe da shi a gida suka kuma rasa a Abijan.

A birnin Zariya, da Kano, aikin babbar riga galibi ba aikin mutum ɗaya a ɗaki ba ne. A zaure ake yi, ko a inuwar bango, mutum biyar ko goma a kan tabarma. Mai zane ya shimfiɗa ƙyallen a cinyarsa, ya tsoma alƙalami a tawada, ya ja layin aska daga wuya zuwa kan aljihu ba tare da ma'auni ba, ya zagaya tambari a ƙirjin dama, ya sake wani a baya. Daga nan aikin ya rarrabu: wannan ya ɗauki aljihu, wancan wuya, yaro kuma a ba shi cike. Akwai wurin da za a huda ƙananan ramuka ɗaruruwa, a kewaye kowanne da zare har ya zama ɗan ido, kuma in hannu ya ja zaren da ƙarfi kaɗan sai ƙyallen ya tattare. Ba wanda ke zaunar da yaro ya yi masa darasi a kan wannan. Yana gani, yana ɓatawa, babba ya karɓa ya warware ya ce, “Sake, ɗana, hannunka ya yi nauyi.” Ta haka aska biyu da aska takwas da 'yar Dikwa da malum-malum suka wuce daga hannu zuwa hannu, tun lokacin da ake aiki da zaren tsamiya na gida da alharinin da fatake ke ɗaukowa ta Sahara, a kan saƙi da barage.

A Adjamé babu wannan zauren. Shago ɗan ƙarami ne, keke biyu ko uku sun cinye shi, hayaniyar motocin gbaka da masu kiran fasinja ta cika kunne, mai kaya kuma na tsaye a ƙofa yana duba agogo. Yaron da aka kawo koyo zai iya shekara uku yana tuƙa keken surfani, ya ƙware ƙwarai a sarƙa, amma bai taɓa ganin an zana aska da hannu ba. Da yawa daga cikin hulunan hannu da ake sayarwa a bakin masallatai, kube da zanna da damanga, daga Kano da Maiduguri 'yan kasuwa ke kawo su. Dattawan da suka iya tsohon aiki suna nan, ɗaya a Treichville, ɗaya a Abobo, ɗaya a Koumassi, wasu sun bar allura sun koma tireda, kuma in suka haɗu to a ɗaurin aure ne ko jana'iza, inda ba a fito da ƙyalle. Ilimin yana cikin garin, wurin da zai gudana ne babu. Abin takaici ne a ce yaron da ke son ganin tsohuwar aska takwas ya fi saurin samunta a hoton gidan tarihi na Landan fiye da a hannun kawunsa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tattara irin waɗannan ayyuka ya baje su a Commonwealth Institute a 1976, kuma ya yi digirinsa na uku a kan surfanin tufafin Hausawa. An gode masa. Amma takarda ba ta gyara wa yaro riƙon allura.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na matan Zariya. Farfesa Elisha Renne ta Jami'ar Michigan ta rubuta yadda mata a birnin suka karɓi aikin hannu na babbar riga lokacin da maza da yawa suka koma keke da wasu sana'o'i. A 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu a ƙungiyar Queen Amina Embroiderers. Matan kulle ne da yawansu, kowa a gidanta take aiki, amma haɗuwar ta ba su damar ɗora tsofaffin zanen riga a kan kayan da ke da sabuwar kasuwa, irin su rigar matashi da jaka da shimfiɗar tebur, har kayansu suka kai kasuwar masu aikin hannu ta duniya da ake ci a Santa Fe ta Amurka. Da kowacce ta tsaya ita kaɗai tana jiran dillaliya, da wuya aikinta ya wuce unguwar Tudun Wada.

Nan ne hujjar kuɗi ke juyawa. Maɗinkin da ba ya zama da 'yan uwansa bai san nawa ake biyan wuya iri ɗaya a Treichville ba, bai san wane zare ke zuba a wanki ba sai ya ɓata shaddar Getzner ta mutane ya biya, bai san cewa wani a Marcory na neman masu aikin hannu ba. Dillali ya san duk wannan, kuma da shi yake ci. Kwana biyu na zama tare na iya gyara farashin shekara. Tsoron satar zane kuwa, zanen da ya fita titi a jikin mai shi ranar idi ya riga ya zama na kowa, ko an yi taro ko ba a yi ba. Abin da keken kwamfuta ba ya iya kwafa shi ne hannu, kuma hannun ne ake zuwa gyarawa.

Ba kuma sabon abu ba ne masu sana'a a yankinmu su bar shago don taro. Ana yin baje kolin aikin hannu na SIAO a Wagadugu tun 1988, mata masu aikin hannu na haɗuwa a SAFEM a Yamai, kuma mai tsara tufafi Alphadi ya kai bikin tufafi na FIMA na farko cikin hamada, a Tiguidit kusa da Agadas, a 1998. Bambancin shi ne waɗannan kasuwanni ne da baje koli. Mutum na tsaye a rumfarsa yana tsaron kaya, yana neman mai saye, ba shi da sa'a ɗaya ta zama kusa da gwani. Abin da hutun ɗinkin Turawa ya fi su da shi, in an cire otal da kayan ƙawa, shi ne dogon tebur da lokacin da ba na ciniki ba.

Masu goyon baya sukan kawo maganar lafiya, kuma akwai abin dubawa. Wani bincike da aka buga a mujallar British Journal of Occupational Therapy a 2013 ya tambayi masu saƙa 3,545, ya sami alaƙa tsakanin yawan saƙa da natsuwa, ya kuma nuna cewa yin ta cikin jama'a na ƙara zumunci. Sai dai waɗanda aka tambaya masu yi don sha'awa ne, don haka ba za a ɗora sakamakon a kan mai neman abinci da allura ba. Inda ya fi dacewa shi ne matan da aka auro daga Maraɗi ko Katsina aka kawo ɗaki ɗaya a gidan haya a Adjamé, ba Faransanci, ba Julanci, ba uwa ba ƙanwa, maigida kuma ya fita tun asuba. Ga irin wannan baiwar Allah, yinin da za ta zauna da mata goma masu jin harshenta, kowa da hula a hannu, ya wuce maganar sana'a. Wanda ya raina wannan bai san kaɗaicin baƙunta ba.

Shi ɗinkin gicciyen fa, a kore shi don baƙo ne? Bai kamata ba. Matan Falasɗinu da shi suke ƙawata rigunansu, kuma a 2021 UNESCO ta sanya wannan aiki nasu cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne ana iya rubuta zanensa a takarda mai gida-gida, a ajiye, a aika wa wani. Masu ɗinkin hula, waɗanda su ma aikinsu na bin layi da ƙirga, za su amfana da wannan dabara ko da ba su taɓa sayen ƙyallen Aida ba.

In aka ɗora duka a sikeli, masu cewa a'a sun yi nasara a kan siffar abin, masu cewa e sun yi nasara a kan buƙatarsa. Otal a bakin teku da kuɗin shiga mai tsada ba na maɗinkin Adjamé ba ne, kuma wanda ya shirya haka zai tara matan ma'aikata daga Cocody ne kawai, waɗanda su ma ba laifi suka yi ba. Amma daga nan a ce zaman kansa ba shi da amfani, kuskure ne da za a biya da tsada nan da shekara ashirin, lokacin da dattawan da suka iya zane suka koma gida ko suka riga mu gidan gaskiya.

In za a shirya zaman, lokaci shi ne farkon abin lura. Daga Sha'aban zuwa ƙaramar salla, da makonnin da ke gaban Layya, ko mahaifin maɗinki ya kira shi sai ya ce a yi masa haƙuri. Bayan Layya kuwa kasuwa kan yi sanyi, kekuna su yi shiru, kuma kwana biyu a Muharram ko Safar ba za su karya kowa ba. Wuri ma ba sai an fita gari ba: ajin makarantar Islamiyya a lokacin hutu, ko farfajiyar gidan wani babba a cikin al'umma, ya wadatar, kowa ya kwana a gidansa. Wannan ya warware matsalar mata, waɗanda za su yi nasu zaman daban, daga safe zuwa la'asar, da goyonsu. Kuɗin abinci da zare kuwa adashi ya saba ɗaukar abin da ya fi wannan, kuma ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke tara kuɗin jinya da na kai gawa sun san yadda ake riƙe asusu.

Abu ɗaya ne bai kamata a yi rowa a kansa ba: ladan gwanin da zai koyar. In aka gayyato dattijo daga Abobo ya bar tiredarsa yini biyu, a biya shi abin da ya fi cinikin yinin, a ɗauko shi a mota a mayar da shi. A tanadi farin ƙyalle mai arha da tawada, a sa yara su zauna dama da hagunsa, a kuma naɗa mutum ɗaya mai kyan rubutu da zai kwafe kowane zane a littafi, da sunansa, da garin da aka samo shi, da sunan wanda ya zana. Littafin ya zauna a hannun ƙungiya, duk ɗan koyon da maigidansa ya aiko a ba shi ya duba.